Bargon ƙasan gadon lilo da telan unguwarmu ya haɗa min

Jama'a duk wanda ya taɓa kwana a gadon lilo, wato na yadin nan da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu, lokacin hunturu ya san abin da nake nufi, ka lulluɓa da bargo biyu ta sama amma bayanka kamar an ɗora maka ƙanƙara. Ni a bakin dam ɗin Tiga na ɗanɗana kuɗata watan Janairu, wallahi ban runtsa ba har asuba. Da farko na zaci bargon ne ba kauri, ashe duk abin da ka shimfiɗa ka kwanta a kai nauyinka na danne shi, iskar da ke cikin audugar ta fice, ita ce kuwa mai riƙe ɗumin, ga kuma iska na kaɗawa ta ƙarƙashinka. Maganin shi ne a rataya bargon ta waje, a ƙasan gadon, ya rungume ka ba tare da ka hau kansa ba.

Na ga ana sayar da irinsa a intanet amma kuɗin da na kawowa kaɗai ya ishe ni kallo. Sai na shiga Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo na samo bargon nan mai zik da ake shigewa ciki kamar buhu, na sayi igiyar roba mai talewa, na kai wa tela. Ya juya shi ya juya ya ce yallaɓai wai me za a ɗinka ne? Na ce cire zik ɗin, ka yanka tsawo inci 55 faɗi inci 45, sannan ka yi masa ƙubaka duka gefe huɗu irin ta wando mai zariya. Nan take ya gane.

Ɗinkin dai ba laifi, gefen ya fita tsaf, audugar ba ta tsiyaya. Inda ya ɓata min rai shi ne don ƙwarewa sai ya bi tsakiya da layin ɗinki uku wai kar auduga ta taru waje ɗaya, ban sa shi ba fa. To duk inda allura ta bi ta matse wurin, kuma daidai layukan nan nake jin sanyi na ratsowa siriri. Sai da na zauna da reza na farke su ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin farko a tsakar gida na yi, tsakanin darbejiya da ƙarfen tankin ruwa, maiɗakina tana ta dariya wai ga gado a ɗaki. Saitin ne aiki, in ka ja robar da yawa bargon ya matse ya zama banza, in ka sassauta ya bar rata iska ta shige. Ƙanina na sa ya kwanta ni kuma ina zura hannu ta ƙasa har na ji ya manne ba tare da ya danne ba, sannan na tsuke zariyar kai da ta ƙafa.

Daga kafaɗa zuwa gwiwa ɗumi lafiya lau har gari ya waye. Ƙafa ce dai ba ya kaiwa, sai na sa safa na ninke rigar sanyi a ƙasanta. Yana da ɗan nauyi a jaka kuma raɓa na jiƙa shi, in zan sake zan sa a yi masa bayan yadin lema.