Sharhina kan asibitin awo da rigakafi na unguwarmu a Zariya

Tun da 'yan bindiga suka taso mu daga ƙauyenmu na Giwa muka rakuɓe wajen yayata a Zariya, wannan ƙaramin asibitin na unguwa nake zuwa awo. Awon dai yadda kuka san shi ne, a duba hawan jini, a taɓa ciki, a ba ki maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne ɗana. Katin rigakafinsa ya ƙone tare da ɗakinmu, na je gabana yana faɗuwa don na ɗauka kora ta za a yi. Wata sista mai ɗan shekaru ta ce, "Maman yaro, miƙo min shi." Ta ɗage rigarsa ta ga tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, a damtsen hagu, ta tambaye ni sau nawa aka yi masa allurar cinya, wadda ake yi a mako 6 da 10 da 14. Ta ce ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora, har ta ƙyanda ta wata tara da ta wuce shi muna gudu.

Sai ta naɗa masa ɗan tef ɗin nan mai launi uku a hannu, ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5. Tamowa ce, ni kuwa duk zatona haƙori ne ke ramar da shi. Ba ta yi min faɗa ba wallahi, zama ta yi ta koya min haɗa garin gero da waken soya da gyaɗa. Allah Ya saka mata da alheri, Ya raya mata zuri'a.

Amma fa raina a ɓace yake da sauran. Abincin tamowar na leda da aka fara ba shi, da na koma sai aka ce ya ƙare. Ana cewa magani kyauta ne ga mai ciki da yaro ƙasa da shekara biyar, sai a miƙo miki takarda ki tafi kemis. Da wane kuɗi, alhali gonarmu na hannun ɓarayi? Ga mai yankan kati da ya ɗaga murya a gaban jama'a wai mu 'yan gudun hijira mun cika musu layi. Har yau abin na ci min rai.

In za ki je, ki sammako, ki riƙe kuɗin magani, kuma ki nemi a auna hannun yaronki ko da allura kawai ta kawo ki.