Aku ko tsirya: wanne zai zauna lafiya a gidan yara?

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta kawo tambaya shekaranjiya. Ta ce yaranta sun hana ta sakat sai an sayo musu tsuntsu mai magana, maigida kuma ya leƙa wurin masu sayar da tsuntsaye ya tarar da iri biyu: aku mai ruwan toka da jan wutsiya, da tsirya, koriyar nan mai dogon bindi da jan baki. Tana so ta san wanne ya fi ɓarna, wanne kuma ya fi sauƙin tsarewa a gida mai yara uku, autan ma yanzu yake rarrafe. Na zauna da su duka biyun. Akun gadonsa na yi daga Baba, Allah ya jiƙansa, tsirya kuwa da kuɗina na saya har sau biyu, shi ya sa na ce bari in sa baki.

'Yar'uwa, ɓarna dai dukansu suna yi, kada mai sayarwa ya yi wa maigidanki daɗin baki. Sai dai kowanne da irin tasa.

Ɓarnar aku ta mai lissafi ce. Zai karkace kai yana kallonki da ido ɗaya kina buɗe sakatar keji kina rufewa, kafin mako ya zagayo ya haddace. Namu sai da muka koma sa masa kwaɗo. Ranar da aka manta, mun dawo daga biki muka tarar ya ɓamɓare maɓallan rimot ɗaya bayan ɗaya, ya tsinke carbin maigida, ya sassaƙe gefen ƙofar falo kamar an kira kafinta, shi kuma yana zaune a kan kujera yana yi mana sallama da muryar Baba. Nauyinsa gram 400 ne da 'yan kai, amma bakin nan da ke fasa ƙwaya mai tauri a daji, yatsan yaro ba komai ba ne a wurinsa. Idan kika ga ƙwayar idonsa tana tsukewa tana buɗewa da sauri, ga gashin wuya ya tashi, a janye hannu. Babba zai koyi wannan alamar, mai rarrafe ba ruwansa.

Kuma ƙwaƙwalwar nan tasa ita ce wahalarsa. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta shafe shekara 30 tana aiki da wani aku irin wannan mai suna Alex, har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi da siffar abu, yana ƙirga kaya har shida. Tsuntsu mai irin wannan kai, in aka rataye shi a soro daga safe har dare ba mai kula shi, kansa zai koma wa. Ya fara fige gashin ƙirjinsa da bakinsa, sai ki gan shi tsirara kamar kazar da za a babbake, kuma in ya saba da wuya ya daina. Yana son a zauna da shi, a yi masa hira, a ba shi abin da zai lalata da izini: reshen mangwaro ko na gwaiba da ba a yi wa feshi ba, kwali, totuwar masara. In ba ki ba shi ba, zai zaɓa da kansa.

Ita tsirya ba ta da wannan dogon tunanin, rashin zama wuri ɗaya ne ciwonta. Ba ta kai sulusin nauyin aku ba, rabin tsawonta ma bindi ne. Ta fizge ɗankunne, ta yayyaga littafin makarantar yaro, ta gatsi gwaiba sau ɗaya ta yar ta ɗauki wata. Manoman gero da dawa sun san halinta tun kafin mu. Cizonta akwai zafi, yakan fitar da jini, amma bai kai na aku ba. Abin da zai gwada haƙurinki shi ne kukanta, wani ƙara mai tsini da take yi da sassafe da kuma bayan la'asar. In gidan haya kuke, ki fara shawara da maƙwabta. Magana kuwa takan koya, da siririyar murya, wata kuma har ta tsufa sai fito. A gaya wa yara wannan tun yanzu. Ko akun ma ba kowanne ke magana ba.

To, batun tsarewa. Abin da ke kashe aku a gida yawanci abin da ya tauna ne, tsirya kuwa inda ta tashi ta faɗa. Aku zai bi wayar caji da ke jone har ya kai ga tagullar ciki. Zai kankare fenti, zai fasa batir, zai gwagwiyi wayar kejinsa, kuma in wayar mai rufin tutiya ce ko fentin yana da dalma, gubar tana taruwa a jikinsa a hankali, sai ki ga ya yi laushi yana amai kashinsa ya canza. Shi kam a kashe kuɗi a yi masa kejin ƙarfe mai kauri marar fenti. Tsirya fanka ce ajalinta. A gidanmu doka ce, ba a buɗe keji sai an kashe fankar sama ta tsaya cak. Bayan fanka sai gilashin taga, da tukunya a kan wuta, da bokitin ruwa da aka bari a buɗe, sai kuma labulen ƙofa, domin yaro ɗaya ya ɗaga labule ya shigo da gudu, ta fice kamar kibiya. Ita 'yar ƙasa ce, dajinmu nata ne tun daga Senegal har Sudan, in ta fita da wuya ta waiwayo. Rage gashin fiffike yana taimakawa, amma gashin yana sake fitowa ba tare da kin lura ba, kuma in aka yanke sabon gashi mai jini a ciki zubar jinin ba ta wasa ba ce. Ɗaure ƙafa da zare kuwa, yadda wasu ke yi, karya ƙafar yake.

Akwai abin da bai bambance su ba, kuma shi na fi so ki riƙe: hayaƙi. Tsuntsu yana da jakunkunan iska a jikinsa ban da huhu, iskar tana ratsa huhun ta hanya ɗaya ko yana shaƙa ko yana fitarwa, don haka abin da mu zai sa mu tari kawai, shi zai kayar da shi. Dalilin ke nan da masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai suna kanari har zuwa 1986, in tsuntsun ya faɗi su san iskar ta lalace. Tsiryata ta farko haka na rasa ta. Sauro ya dame mu, aka kunna maganin sauro a falo aka rufe ƙofa da taga, ba wanda ya tuna da kejin da ke bayan kujera. Da asuba na tarar da ita a ƙasan keji, ƙafafu a dunƙule. Har yau abin yana cina. Saboda haka turaren wuta, da fiya-fiya, da maganin feshi, da garwashin gawayi a ɗaki lokacin sanyi, da hayaƙin janareta, duk a nisanta su da keji. Na san raba mace da kaskon turarenta ba ƙaramin aiki ba ne. A fitar da tsuntsun tsakar gida tukuna, kada a mayar da shi sai ɗakin ya sha iska. Kaskon suya na zamani wanda abinci ba ya kamawa, in aka bar shi a wuta ba komai ciki ya yi zafi sosai, yana fitar da wani tururi da hancinmu ba ya ji amma yana kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Madafa dai ba wurin keji ba ce.

A abinci ma kusan dokarsu ɗaya. Baƙi suna son miƙa wa aku goro don su ga yadda yake riƙewa da ƙafa, a hana su, domin abin da ke cikin goro mai hana barci shi ne ke cikin kofi da shayi, kuma zuciyar tsuntsu ba ta ɗaukarsa. Haka cakulan, haka piya da wasu ke kira avokado, haka albasa da abinci mai gishiri. Gyaɗa suna sonta kamar me, amma mai ya yi mata yawa, kuma wadda ta yi fumfuna guba ce, a ba su 'yar kaɗan mai kyau. Gero, dawa, ɗanyar masara, gwanda, mangwaro, karas, zogale da alayyahu sun wadatar. Aku yana da saurin ƙarancin sinadarin ƙashi, har yakan kai shi ga farfaɗiya, shi ya sa muke barbaɗa masa dakakken ɓawon dafaffen ƙwai, mu kuma fitar da shi ya sha hantsi.

Yanayi kuwa tsirya ta ci nasara ba gardama. Aku ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, bushewar hunturu tana wahalar da fatarsa, sai ana fesa masa ruwa da rana, a lulluɓe kejin da dare. Jikinsa kuma yana zubar da wata farar ƙura kamar hoda, in akwai mai asma a gidan a yi tunani. Dukansu a raba su da kyanwa, domin ko yaƙushi kaɗan ta yi musu ƙwayoyin cutar bakinta da faratanta suna iya kashe su cikin kwana ɗaya ko biyu. A raba su da kaji ma, tunda murar tsuntsaye tana zagayowa tun ɓullarta a Kaduna a 2006. Busasshen kashin aku da na tsirya yana iya ɗauke da cutar da ke kama huhun mutum, don haka a yayyafa ruwa kafin a share, kuma kada a bar autanki ya yi rarrafe a ƙarƙashin keji.

Saura maganar da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Aku yakan yi shekara 40 zuwa 60. Baba ya rasu da daɗewa, amma har yau da asuba akun yana yin tarinsa, ya kira sunan Inna yadda yake kiranta. Yaran da ke kuka a sayo musu za su yi aure su bar miki shi. Sannan yana ƙarewa a daji: a Gana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari sun ɓace tun daga 1992, kuma a 2016, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Wanda aka kamo da girmansa za ki gane shi, kina matsowa zai maƙure a lungu yana gurnani kamar kare, kuma irinsa yakan yi shekaru bai yarda da kowa ba. Tsirya takan yi shekara 20 zuwa 30, kuma ba ta cikin masu ƙarewa.

Da ni ce ke, da mai rarrafe a gida, ba zan kawo aku ba ko kyauta aka ba ni. In har sai an saya, a nemi tsirya ƙarama wadda ta tashi a hannun mutane. Ki ce wa maigida ya tsaya ya ga ta ci abinci a gabansa, ya duba hancinta ba majina, ƙarƙashin bindinta ba kashi a manne, sannan ya biya wurin mai walda a haɗa keji mai faɗin da za ta buɗe fiffike ta juya bindinta bai goga waya ba. Kejin ya riga ta isa gida.