Inda ake yankan albashi kafin ya iso hannu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da su Inna da yara duka. Ka tambaye ni yadda mutum zai zo Amurka, shekara biyu kacal a ga hotonsa da mota da babbar waya da kujerun falo. Yawanci bashi ne. Ka karanta wa ƙannenmu masu ɗokin tahowa wannan takarda.

Kaya a nan ba su da wuyar samu. Waya sai ka ɗauka ka riƙa biya duk wata tare da kuɗin layi. Mota a raba maka kuɗinta shekara biyar ko shida. Katin bashi kuwa bankuna ne ke aiko maka da tayinsa ta gidan waya. Ba mai tambayar ɗan gidan wa kake, maki ake dubawa, daga 300 zuwa 850, wanda ake lissafawa daga bayanan da kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, ke tarawa a kanka. Kayan suna da kyau, kuma in abu bai yi maka ba, yawancin manyan shaguna za su karɓa su ba ka kuɗinka muddin kana da rasit. Sai dai ruwan da ke kan katin yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Limaminmu na Bronx, wani yanki na birnin New York, ya gaji da wa'azi a kan riba, mutane na ji suna gyaɗa kai da katin a aljihu.

Abin da ke biyo baya in ka kasa biya shi ne ba a ɗaukar hotonsa. Akwai wani ɗan'uwa a gininmu, ɗan zangon Kumasi, mai aikin gadi. Ya yi jinya ya daina biyan kati. Bankin ya sayar da bashin ga wani kamfani, don a nan bashi ma haja ce, ana saye ana sayarwa. Kamfanin ya kai ƙara, sammaci ya tafi tsohon gidan da ya tashi, bai je kotu ba, alƙali ya yanke hukunci a bayan idonsa. Sai ga takardar mashal, jami'in da ke karɓo kuɗin hukunci a birnin New York, cewa yana da kwana 20 ya fara biya da kansa. Da wa'adin ya wuce, takarda ta tafi wurin aikinsa. Daga ranar duk albashin da ya fito an riga an cire rabon mai bin bashi.

Ka san yadda ake yi a gida. Mai bin ka zai zo da ƙafarsa, ya yi sallama, ya zauna a zaure. In rigima ta yi zafi a je wurin mai unguwa, dattawa su roƙi arziki, a ce a ɗaga maka zuwa kaka. Akwai kunya a ciki, amma akwai fuskar da za ka duba. Nan kuwa mai biyan albashi bai isa ya tausaya maka ba, in ya ƙi cirewa shi za a bi.

Amma in faɗi gaskiya, dokarsu ta sa iyaka. Dokar tarayya ta 1968 ta ce ba a cire fiye da kashi 25 cikin ɗari na abin da ya rage bayan haraji, kuma wanda ragowar albashinsa bai wuce dala 217.50 a mako ba, ba a taɓa shi. Jihar New York ta fi sassauci, kashi 10 ne na albashin gaba ɗaya, wato mai ɗaukar dala 800 a mako a cire masa 80. A Texas da Pennsylvania da jihohin Carolina biyu ba a yankan albashi saboda bashin kati. Ba a kuma korar ma'aikaci don bashi ɗaya ya bi shi wurin aiki. Gwamnati ce dai ba ta jiran alƙali in harajinta ko bashin karatu take bi, shi kuwa kuɗin ciyar da yara bayan rabuwar aure yakan ci rabin albashi har ya wuce. Duk da haka na fi ganin mutuncin wannan tsari a kan masu ba da bashi ta waya na gida, da ke aika wa surukan mutum saƙon cewa shi ɓarawo ne. Kuma bankunanmu ma sun kama hanya, tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba su damar bin lambar BVN su kwashi bashinsu daga duk asusun da kake da shi.

Dala 80 a mako kamar ba komai ba ce, sai ka tuna da haya da kuɗin jirgin ƙasa da abin da ake jira a gida. Ga ruwa yana hawa kan hukuncin. Da kashi 9 ne a shekara, a 2022 New York ta mai da shi kashi 2 ga irin wannan bashi. Mashal ma yana da ladansa na kashi 5. Hukuncin kuma yana nan da ransa har shekara 20, canza wurin aiki ba ya kashe shi.

Lauyoyin da ke taimakon talakawa kyauta sun ce masa zai iya neman kotu ta soke hukuncin tunda sammaci bai same shi ba. Shi ya ce ya ci kuɗin, ba zai tsaya gaban alƙali yana ja-in-ja ba, so yake kawai ya rabu da su. Sai aka kira lauyan kamfanin aka ce za a biya a dunƙule, nawa za su rage? Sun rage, domin su ma da araha suka sayi bashin, kuɗi a hannu ya fi musu jira. Mun ƙi tura ko sisi sai da yarjejeniya ta zo a rubuce. Bayan an biya aka bi sawu har suka aika wa mashal da wurin aikinsa takardar dakatarwa, suka kuma shigar da shaidar an biya a kotu. Wannan bin sawun ya fi biyan wahala, don in ba ka matsa ba sai a ci gaba da cirewa. Sai da ya ga takardar albashi ta fito cikakkiya sannan muka yi masa barka.

Kuɗin daga adashinmu suka fito. Ɗaukar wannan karon tawa ce, na bar masa, ni zan ɗauka a gurbinsa. Saboda haka kuɗin kwanon rufin ɗakin Inna da na yi alkawari sai bayan Babbar Sallah. Ka ba ta haƙuri, ka kuma ce wa kafinta kada ya sayi katako tukuna.