Ciwon baya: bel, katifa, injin tausa ko tabarmar yoga, wanne ya cancanci kuɗinka?

Jama'a tun da abokan sana'a suka ga na dawo ina ɗaukar dilar yadi da kaina suke ta tambayata wai me na sha, wani ma cewa ya yi in rubuta masa sunan maganin kawai ya je kemis. To ba magani ba ne. Ni tela ne, na haura shekara goma sha biyar a kan keke, lokacin ɗinkin sallah kuwa kwana muke a zaune, kuma ciwon nan daga ƙugu ya fara a hankali har ya kai ni ga ko ruku'u sai na dafa bango, akwai satin da a zaune na yi sallolina. A cikin shekara biyu babu abin da ban saya ba, shi ya sa nake so in faɗa muku abin da kowanne ya yi min kafin ku zuba kuɗinku.

Bel ɗin ɗaure ƙugu shi ne abu na farko da kowa ke cewa ka saya. Ranar da ka ɗaura za ka ji daɗi, ka cire kuma ciwo na nan inda ka bar shi, ga zufa da ƙaiƙayi a zafin watan Afrilu. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa ta sa bel cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar a riƙa amfani da su ba, tare da injin da ake jan ƙashin baya da shi da kuma ƙwayoyi irin su tiramol. Sai dai in likita ne ya rubuta maka bayan tiyata ko karaya, wannan daban. Injin tausa mai caji kuwa, wanda yake kama da bindiga, abin more rayuwa ne kawai, minti goma na daɗi, kuma kar ka kuskura ka ɗora shi kan ƙashin bayan kansa.

Katifa ita ce mai cin kuɗi da yawa. An sa mana a kai cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri kamar dutse, har wasu ke komawa kwana kan siminti, alhali wani bincike da aka yi a Sipaniya a 2003 a kan mutum 313 ya nuna masu kwana kan matsakaiciyar katifa sun fi samun sauƙi a kan masu kwana kan mai tauri sosai. In taka ta lotsa ta yi rami a tsakiya canza ta, wannan gaskiya ne. In kuwa lafiyarta ƙalau bar kuɗinka a aljihu. Kuma in za ka saya a kasuwa, ka sani ana haɗa ragowar soso a matse shi a lulluɓe da yadi mai tambarin babban kamfani, mu teloli mun san yadda ɗinkin rigar katifa yake da sauƙi, don haka je wurin dilan kamfanin kai tsaye ka karɓi takardar garanti.

Abin da ya yi min aiki shi ne mafi araha cikinsu, tabarmar motsa jiki, wadda ake kira tabarmar yoga, haɗe da zuwa wurin likitan fiziyo, wato mai gyaran jiki ta hanyar motsa jiki da gashi, ya koya min abin da zan yi a kanta. Su biyun tare suke tafiya. Tabarma ba tare da koyarwa ba shimfiɗa ce kawai. A Kano akwai sashen fiziyo a asibitin ƙashi na Dala da asibitin Malam Aminu Kano, kuma kusan duk babban asibitin koyarwa a arewa akwai. Wanda ya duba ni ya ce min baya ba ya son zama wuri ɗaya, tsokar ciki da ta ɗuwawu sun yi sanyi saboda zama, jijiyar bayan cinya ta ɗaure, sai duk nauyi ya koma kan ƙugu. Ya koya min abu biyar: in durƙusa da hannu da gwiwa in ɗaga bayana sama kamar mage in sake sauke shi, in kwanta rigingine in jawo gwiwa zuwa ƙirji, in ɗaga ƙugu sama ƙafa na ƙasa kamar gada, in miƙe hannun dama da ƙafar hagu a durƙushe sannan in canza, sai in kwanta rub da ciki in ɗago ƙirji kaɗan kamar kumurci. Minti ashirin bayan asuba. Sati biyun farko ban ga komai ba har na fara tunanin bari, wajen sati na shida ne na lura na yi ruku'u ban dafa ba, wallahi ranar sai da na yi hawaye.

Daga baya da na riƙa neman bidiyo a YouTube sai na ga da yawa daga masu koyar da irin wannan don masu hawan igiyar teku suke yi, irin yaran da na taɓa gani a Tarkwa Bay a Legas da allonsu. Su matsalarsu kwanciya rub da ciki a kan allo suna tuƙi da hannu, baya a banƙare na tsawon lokaci, mu kuma tamu duƙawa gaba ce a kan keke. Shi ya sa kar ka kwafi bidiyon kowa kai tsaye, abin da ke warware bayan mai hawan teku ba lallai ya dace da tela ko direban adaidaita sahu ko mai zaman ofis ba, kuma akwai masu ciwon da banƙarewa baya take ƙara musu.

Na san wasu za su ce yoga ai ibadar mutanen Indiya ce. Gaskiya ne asalinta daga can ne kuma tana da ɓangaren addininsu, ni ma sai da na tsaya na tambaya. Majalisar malaman Indunusiya a 2009 ta haramta wa Musulmi yogar da ake haɗawa da kirari da ibadar Hindu amma ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Ni abin da nake yi miƙe jiki ne da likita ya koya min, ba na furta komai, ba na gaisuwar rana, wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ya kuma kira ta tabarmar motsa jiki, aikin dai ɗaya ne.

To wace tabarma? Za ka ce ai ina da darduma ko tabarmar kaba. Na gwada, darduma zamewa take a kan tayil, ta kaba kuma tana cin gwiwa da gwiwar hannu. Iri huɗu za ka fi gani. Akwai ta soso mai kauri da ake rubuta wa NBR, milimita 10 zuwa 15, ita ce ta cika kasuwa don tana da kyan gani da laushi, kuma ita na fara saya, wata biyu ta lotse inda nake sa gwiwa ta fara ɓarɓashi, ga shi in ka tsaya da ƙafa ɗaya sai ka riƙa rawa a kai don laushin ya yi yawa. Akwai ta robar itace ta asali, tana riƙe hannu sosai amma ba ta son rana da zafi, a ɗakin da ke ɗaukar zafi irin namu bushewa take ta tsattsage, kuma mai ƙaiƙayin roba ba zai iya da ita ba. Akwai ta wata irin roba da ake rubuta wa TPE, marar nauyi, ba laifi ga mai tafiye-tafiye.

Tawa ita ce ta huɗun, ta robar da ake kira PVC mai nauyi, milimita 6. Ku lura da kalmar nauyi, don ita ce sirrin duka. PVC mai araha mara nauyi da PVC mai matsewa ba abu ɗaya ba ne ko da kaurinsu ɗaya. Mai kyau in ka ɗaga za ka ji ta a hannu, shahararriyar nan Manduka PRO ta haura kilo uku, in ka danna babban yatsa ba ya nutsewa har ƙasa kuma wurin yana dawowa nan take, in ka shimfiɗa tana kwanciya ba ta naɗe baki. Ba ta shan zufa, da tsumma da ruwan sabulu kaɗan ka goge ƙurar hunturu ta koma sabuwa, zafi kuma bai dame ta ba. Aibinta ɗaya, sabuwa tana da santsi sai an yi sati biyu ko uku ana hawa. Ba sai ka sayi mai babban suna ba, ni tawa ba ta da wani suna, nauyinta da matsewarta na duba. Tsawon da aka saba shi ne santimita 173 da faɗin 61, in kai dogo ne nemi mai 183 don kar kanka ya riƙa sauka kan tayil.

Yanzu maganar 'yan damfara, kuma nan ne nake so ku ba ni hankalinku. Tabarma ta biyu da na saya a intanet na gani, hoto mai kyau da tambarin babban kamfani, an rubuta milimita 6, farashi kuma ƙasa da rabin na ko'ina. Da aka kawo na sa tef ɗina na awo ko 4 ba ta kai ba, warin fetur ya cika ɗaki har yara na tari, tambarin kuma da farce na kankare shi. Na kira lambar an toshe ni. Araha ba ta ado. Kar ka tura kuɗi kafin kaya su iso, ka ce a turo bidiyon tabarmar a kan sikeli da ma'auni a gefenta, ka buɗe a gaban ɗan aike, ka shinshina, ka ja gefe da hannu biyu ka ga ko tana miƙewa kamar cingam. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Amma asarar tabarma kuɗi ne kawai. Wadda ta kusa kai ni ƙasa ita ce jarkar maganin da na saya wurin masu talla da lasifika a mota, wai maganin sanyin ƙashi da basir da ciwon baya duk a haɗe. Kwana biyu ciwo ya ɗauke ɗif, na riƙa yi masa talla da bakina a shago, abin da har yau yake damuna don mutum biyu sun saya saboda ni. Bayan wata guda fuskata ta kumbura, cikina na zafi kamar wuta, bayan gida ya koma baƙi. A asibiti likita ya ce alamun sun yi kama da wanda ya daɗe yana shan dikilofenak da ƙwayar nan da ake kira sha ka fashe, kuma ya ce ba ni ne na farko da ya gani ba, ana daka su a zuba cikin jiƙo a ce itace ne. Olsa na samu, wata uku ina magani. Duk jiƙon da ya ɗauke ciwon shekara biyu a kwana biyu ka ji tsoronsa. Kuma ko ka ga lambar NAFDAC a jiki, ta maganin gargajiya yawanci da harafin L take ƙarewa, ma'anarta an duba ba ya cutarwa ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, ga shi ana buga lambar ƙarya, don haka duba ta a manhajar Greenbook ta hukumar. Ba ina zagin masu maganin gargajiya na gaskiya ba ne, kakana ma ɗori yake yi, amma shi bai taɓa sayar da abin da bai san me ke ciki ba.

Haka nan masu kiran kansu likitan fiziyo suna bin gidaje da injin jijjiga da fitila mai zafi, ka tambayi lasisinsa na hukumar MRTB, wadda ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya, in ya fara kame-kame sallame shi. Kar kuma ka bari wani ya hau bayanka da ƙafa wai zai gyara.

Sannan akwai wanda ko tabarmar bai kamata ya fara saya ba. In ƙafarka na mutuwa ko tana ja, ko fitsari da bayan gida na kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya dena jin taɓi, wannan asibiti ne a ranar, ba gobe ba. In ciwon na tare da zazzaɓi da rama da zufar dare, tarin fuka na kama ƙashin baya kuma muna da shi a ƙasar nan, sai an yi hoto. Mai ciki, mai sikila, da wanda ya faɗo daga babur ko aka yi masa tiyata, su ma likita za su fara gani ya faɗa musu wanne motsi za su yi wanne za su bari.