Injin fatsa Penn Battle III a ruwan Dadin Kowa

Penn kamfani ne na Amurka da ya fara ƙera injinan naɗe zaren fatsa tun 1932 a birnin Filadelfiya, kuma Battle III da ya fito a 2020 an yi shi ne domin masu kamun kifi a bakin teku, irin na jihar Filorida, inda ake bin kifayen teku irin su tarpon da snook da redfish. Yanzu masu dawowa daga tafiya da masu odar kaya ta intanet suna shigo da shi, har ya fara zuwa hannun masu sha'awar fatsa a Gombe da Bauchi. Tambayar da ake yawan yi ita ce ko kayan ruwan gishiri zai yi amfani a ruwan daɗi irin namu. Zai yi, kuma sosai, amma abin da ke kashe shi a nan daban yake da abin da aka gina shi ya jure.

Dalilin da ya sa ya dace da mu yana cikin halin kifayen da aka yi shi dominsu. Snook kifi ne mai laɓewa a gindin itatuwan bakin teku da ƙafafun gada, ya fizgi ƙaramin kifi ya koma maɓoyarsa a guje, kuma murfin kunnensa na da kaifin da ke yanke zare. Wanda ya san giwan ruwa ya san wannan hali, har ma masana sun daɗe suna lissafa su a dangi ɗaya kafin a raba su. Tarpon kuwa bakinsa ƙashi ne, ƙugiya ba ta shiga da sauƙi, da ya ji ta sai ya yi tsalle sama yana girgiza kai, kamar yadda tsage ke yi a kogin Gongola. Shi tarpon ɗin ma ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma, akwai shi a gabar Legas da Neja Dalta, kuma wanda ya kafa tarihin girma a kamun fatsa, mai kilo 130, a Gini Bisau aka kama shi a 2003. Redfish mai kiwo ne a ƙasan ruwa, yana ja da nauyi ba tare da tsalle ba, wanda ya fi kusa da jan ragon ruwa ko babbar tarwaɗa. Injin da aka shirya wa waɗannan uku ya riga ya san irin aikin da zai tarar a nan.

Jikinsa da murfin gefensa na alminiyom ne. Amfanin wannan ba ya bayyana sai babban kifi ya ja: injinan roba masu araha suna ɗan lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyi, haƙoran giya su daina haɗuwa daidai, su cinye juna. Wannan ba ya yin haka. Yana da boris biyar masu murfi, da na shida da ke hana hannu komawa baya. Birkinsa, wato abin da ke riƙe zare ya riƙa sakinsa a hankali idan kifi ya ja, wanda kamfanin ke kira HT-100, faifan kabon ne, kuma shi ne abin da ya fi komai daraja a jikin injin. Birkin da ke fizga, ya riƙe sannan ya saki, shi ke tsinke zare a gudun farko na giwan ruwa. Wannan yana sakin zare sumul tun daga farawa.

Injin na zuwa girma-girma, kowane da lambarsa, kuma lamba biyu ce ta shafe mu, 4000 da 5000. Mai lamba 4000 nauyinsa kimanin giram 350 ne, birkinsa na kai kusan kilo 7, kuma yana ɗaukar kimanin mita 170 na saƙaƙƙen zare mai ƙarfin fam 30, wato wanda ke jure nauyin kilo 13 da rabi. Mai lamba 5000 ya haura rabin kilo, birkinsa na kai kilo 11, yana ɗaukar kimanin mita 270 na wannan zaren. Tazarar nauyin ba ƙarama ba ce. Wanda zai wuni yana jifa da koton roba domin tsage, 5000 zai gajiyar masa da wuyan hannu kafin hantsi, don haka 4000 ne nasa, a kan sanda mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.4. Wanda zai zauna a kwalekwale da kifi mai rai a ƙugiya yana jiran giwan ruwa, ya ɗauki 5000. Ƙarin birkin ba shi ne dalili ba, domin da wuya a buƙaci fiye da kilo 5. Yawan zaren ne dalili, saboda babban kifi a buɗaɗɗen ruwa na iya kwashe mita 80 kafin ya tsaya.

Yadda aka ɗaura zare a kwarkwaro shi ke raba wanda zai ji daɗin injin da wanda zai ce an cuce shi. Saƙaƙƙen zare santsi gare shi, a yawancin injina sai an fara shimfiɗa zaren nailan a ƙasa, in ba haka ba duk naɗin ya riƙa juyawa a kan kwarkwaro, mutum ya ɗauka birki ne ya lalace. Battle III yana da zoben roba a tsakiyar kwarkwaron da ke riƙe zaren, don haka ana iya ɗaurawa kai tsaye. A naɗa shi da ƙarfi, wani ya riƙe zaren da jiƙaƙƙen tsumma yana matsewa. Naɗi mai laushi yana nutsewa cikin kansa idan kifi ya ja, jifa na gaba ya maƙale. A tsaya saura milimita 2 ko 3 a kai leɓen kwarkwaro. Idan aka cika shi fal, zaren zai riƙa zubowa da yawa lokaci guda ya cukurkuɗe, kuma cukurkuɗen saƙaƙƙen zare yawanci sai wuƙa. Bayan kowane jifa a rufe bakan ƙarfen da ke naɗa zare a kwarkwaro da hannu, a ja zaren ya miƙe, sannan a fara naɗi.

Saita birki ba a yin sa da ƙiyasi. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zare mai fam 30 yana tsinkewa a wajen kilo 13 da rabi, ke nan birki ya tsaya a kilo 4. Ba sai an nemi sikeli ba: a cika galan mai lita 4 da ruwa, a zura zaren ta zobban sanda, a ɗaura a galan, a ɗaga a hankali. Idan galan ya fara barin ƙasa daidai lokacin da zare ya fara fita, an dace. Kada a ƙara matse shi a tsakiyar fama da kifi, domin yayin da zare ke raguwa a kwarkwaro, birkin na ƙara tauri da kansa. Idan ana son ƙarin riƙo na ɗan lokaci, a ɗora tafin hannu a gefen kwarkwaro. Kuma idan kifi na jan zare, a daina juya hannu. Juyawa a lokacin murɗe zaren kawai yake yi. A ɗaga sanda a jawo kifin, a sauke ta ana naɗewa.

Zaren gaba, wato guntun da ake ɗaurawa tsakanin saƙaƙƙen zare da ƙugiya, wajibi ne. Domin giwan ruwa, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na nailan ko fulorokabon mai fam 60 zuwa 80, a haɗa da ƙullin FG, wanda siririn ƙulli ne da ke wuce zobban sanda ba tare da karo ba. Domin tsage kuwa nailan ɓata lokaci ne, haƙoransa na datse shi nan take. A sa siririyar waya mai tsawon santimita 20 zuwa 30. A cire ƙugiya mai baki uku da ke zuwa a jikin koton ƙarfe mai siffar cokali, a sa guda ɗaya mai kaifi, ta fi huda bakinsa kuma ta fi zama idan ya yi tsalle. Da ya tashi sama a sunkuyar da kan sanda zuwa ruwa, abin da masu kamun tarpon ke yi ke nan don kada nauyin kifin ya faɗa kan miƙaƙƙen zare.

Ƙarshen damina, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, Gongola na kawo jan ruwa, dam ɗin Dadin Kowa ya cika ya haye ciyawa da kututturan bakin gaɓa. Ƙananan karfasa da kawara suna shiga cikin ciyawar, manya kuma suna sintiri a gefenta. Wurin nema shi ne bakin ciyawar, da inda rafi ke zubowa, musamman layin da jan ruwa ya haɗu da wanda ya fara kwantawa. Lokaci kuwa daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. A gurɓataccen ruwa kifi na bin motsi da ƙara fiye da gani, don haka karfasa mai rai, tsawon santimita 10 zuwa 15, a kan ƙugiya mai lanƙwasasshen baki lamba 6/0 ko 7/0 ta fi koton roba aiki. Irin wannan ƙugiya ba a fizgar ta. A bar kifin ya juya da koton, a fara naɗi a hankali, ita da kanta za ta kama gefen baki. Tsage da ido yake farauta, kasuwarsa ta fi ci daga Oktoba idan ruwa ya washe.

To, ga inda injin ke da rauni a wurinmu. Boris ɗinsa na da murfi, amma jikin ba a toshe yake gaba ɗaya ba, ba kamar injin Spinfisher na wannan kamfani da aka yi wa zobban hana ruwa ba. A teku gishiri ake tsoro, kuma wanki da ruwan daɗi na maganinsa. A nan laka ce. Jan ruwan damina ɗauke yake da ƙasa mai laushi, zare na kwaso ta a kowane naɗi ya ajiye a 'yar rolar da yake bi ta kai, da ƙarƙashin kwarkwaro. Idan ta haɗu da giris sai ta zama abin goge ƙarfe. Alamar farko ƙara ce mai kama da yashi idan ana naɗi da nauyi. Sau da yawa rolar ce ta daina juyawa, kuma rolar da ta tsaya tana murɗe zare tana cin sa. Ajiye injin a ƙasan kwalekwale, inda ruwa da yashi ke taruwa, ko a kan rairayin bakin ruwa, shi ne hanya mafi sauri ta lalata shi. Da hunturu kuma ƙura ta karɓi aikin lakar, don haka a cikin jaka ko tsumma ake ajiye shi.

Kulawar ba ta da wuya. Bayan kowace fita a matse birki, a yayyafa ruwa mai tsabta a hankali, kada a sa shi a bakin famfo mai ƙarfi ko a tsoma shi a bokiti, domin hakan tura ƙasar ciki yake yi. A goge, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a sassauta birkin gaba ɗaya kafin a ajiye. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a rola, ɗaya a marikin hannu, ɗaya a sandar da kwarkwaro ke hawa. Giris na mota ya yi kauri, yana sa hannu nauyi. Fetur da kalanzir kada su kusanci zobban roba da faifan birki. Idan injin ya nutse a ruwa, a buɗe shi a ranar. Kayan gyaransa ba a rasa su a intanet, amma ba abin da za a shiga kasuwar Gombe ko Wunti a saya ba ne, sai an yi oda an jira. Mai hankali zai haɗa da rola da faifan birki na ajiya tun a sayen farko. A kuma kula da jabu: na gaske hannunsa ba ya girgiɗi, kuma ba ya komawa baya ko kaɗan.

Idan ƙugiya ta kama kututture, wanda dole ne a ƙarshen damina, kada a ja da injin ko da sanda, sandar kwarkwaro na iya lanƙwashewa. A naɗe zaren a guntun itace a ja da shi. Kada a naɗe shi a hannu, yana yanka har ƙashi. Sandar fatsa ta kabon na jan tsawa, da hadari ya haɗo a kwantar da ita a fita. Akwai dorina a ruwan Dadin Kowa da kewayen Hinna, don haka baƙo ya fara gaida sarkin ruwa, ya nemi izini, ya tambayi masunta inda ba a zuwa.

Masuncin da ke ci da iyalinsa da kalli da birgi da mamari ba shi da buƙatar wannan injin, kuɗinsa da ke bin dala zai fi masa amfani a koma. Mai kamun karfasa da tana a dam ɗin Gubi ma ya yi masa yawa, ƙaramin inji mai araha ya ishe shi. Amma wanda ya ƙuduri neman giwan ruwa ko tsage da fatsa, wanda injinan roba suka sha watse masa a hannu, zai samu birkin da zai dogara da shi da jikin da ba ya lanƙwasa, muddin zai riƙa wanke masa laka duk ranar da ya dawo daga ruwa.