Na biya ɗan jagora ya kai ni ƙololuwar Tubkal, ya juyo da ni daga tsakiya

Watan Janairu na je ziyara Fas ta ƙasar Maroko, makwancin Shehu Ahmadu Tijjani. Da muka gama, abokan tafiya suka kama hanyar gida, ni kuwa na gangara Marakish, daga nan sai ƙauyen Imlil. Burina in hau Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Ba a barin kowa ya hau sai da ɗan jagora, don haka na ɗauki wani Ba'amazige, wato ɗan ƙabilar mutanen yankin, mai jin Larabci. Ɗan Larabcin makarantar zaure ya yi mini rana.

Kwanan farko muka yi tafiya har masaukin da ke sama da mita 3,000. Sanyin hunturun Katsina da muke kuka da shi wasa ne.

Abin da ya sa nake yabon ɗan jagoran shi ne asubar kwana na biyu. A daren an zuba dusar ƙanƙara da iska mai ƙarfi. Ya ɗaura mini wata na'ura a ƙirji, wadda ake bin siginarta a gano wanda dusa ta binne, ya ba ni shebur da sanda mai haɗe-haɗe ta lalubo mutum cikin dusa. Da muka kai wani gangare sai ya tsaya, ya haƙa rami, ya nuna mini bangonsa. A sama dusar ta daskare ta zama falle ɗaya saboda iska. A ƙasa kuma garas-garas take kamar sukari. Na ce a raina, tabarma ce aka shimfiɗa kan gero, kana takawa ta tafi da kai. Ya ce gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45 shi ne ya fi zaftarewa, kuma wanda ta binne in ba a tono shi cikin minti 15 ba, sai dai wani ikon Allah.

Muna tsaye ƙasa ta yi wani "wuf" a ƙarƙashinmu, tsaga ta bi dusar. Bai yi shawara da ni ba. "Alhaji, mu koma." Na ɗan yi gardama, kuɗina na tuna, ya ƙi ko kallona.

Ƙorafina ɗaya shagon da na yi hayar kaya: batirin na'urar ya kusa mutuwa, da ɗan jagoran bai duba ba da haka na hau. Takalman ma sun matse ni, har yanzu farcen babban yatsana bai dawo daidai ba.

Da na dawo majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura ake ta yi mini tsiya, wai na biya kuɗi an hana ni hawa. Na nuna musu hoton ramin. Wani ya daɗe yana kallo, ya ce shi da ƙanƙarar nan za a kawo masa ya sa a zoɓo lokacin azumi.