GARGAƊI: 2TB ɗin ƙarya da katin USB na bogi

Jama'a wallahi har yanzu jikina rawa yake don takaici. Hadis na saya, wato hard disk na ajiye fayil, 2TB mai sayarwar ya ce min, 2TB aka rubuta a kwali, 2TB na biya kuɗinsa cif ban nemi ragin ko sisi ba, ashe abin da ke ciki 32GB ne. 32GB fa!

Kuma kada wani ya zo yana ce min ai da ka duba. Na duba. A gabansa na jona hadis ɗin, Windows ta nuna 1.81TB, duk wanda ya san kwamfuta ya san haka 2TB na gaskiya yake nunawa, na tura fayil ya shiga ya buɗe lafiya lau, to me kuma ake so in yi? Yana tsaye yana murmushi yana cewa "maigida ai ni ba na sayar da abin da zan ji kunya", wannan maganar ita ce ta hana ni barci, har da dafa ƙirji.

Asali ma ba hadis na je nema ba. Desktop ɗina tsohuwa ce, ramukan USB ɗinta duk 2.0 ne, in ka tura babban bidiyo da ƙyar take wuce 30MB a sakan, shi ne na ce bari in sa mata katin PCIe, wanda ake sokawa a cikin kwamfuta, mai USB 3.0 tunda shi 5Gbps ne, 2.0 kuwa 480Mbps, wato 3.0 ya fi gudu nesa. Shi ya kawo zancen hadis ɗin, wai in haɗa biyu zan huta. Katin ma ashe bogi ne, amma wannan sai daga baya na gane. Jinkirin ne ya fara damuna, na soka kati a mazauninsa na ɗaure, gudu bai ƙaru ko kaɗan ba. Na haska rami da fitilar waya, shuɗi ne kamar na gaske amma ƙarafa huɗu kacal a ciki, alhali na 3.0 tara ne, akwai biyar a can ciki. Shuɗiyar roba kawai ya sayar min.

Ayyukan mutane ne fa na kwashe na zuba a cikin hadis ɗin, bidiyoyin da aka ba ni amana, na goge na kan kwamfuta don dama abin da ya sa mutum ke sayen 2TB ke nan. Sunayen fayil duk suna nan reras, girmansu daidai, ka danna ya ƙi buɗewa. An yi wa ɗan guntun cif ɗin ciki dabara ne yana faɗa wa kwamfuta ƙarya, da ya cika 32GB sai ya dinga rubuta sabo a kan tsoho. Da na ɓalle murfin babu faifai babu komai, ɗan filashi ne aka manna da gam, sai guntayen ƙarfe biyu a gefe don ya yi nauyi a hannu. Nauyin nan ma na auna shi a tafin hannuna ranar, yana kallona.

Na kira ya ce wai bairos ne, na sake kira ya toshe ni. Hotunan hirarmu da rasit da hoton cikin hadis ɗin duk suna wajena, zan ɗora su kowa ya gani.

In za ku saya ku gwada da H2testw, manhajar gwada ainihin girman hadis, ya cika shi taf kafin ku biya, ku leƙa ramin USB ku ƙirga ƙarafa. Ni yanzu ban ma san da bakin da zan yi wa masu bidiyon nan bayani ba, 2TB wai, Allah ya isa tsakanina da shi.